Jinyar da mutanen Tsibiran Marshall ke bin Amurka

Tsakanin 1946 da 1958 Amurka ta gwada makaman nukiliya 67 a Tsibiran Marshall. Tokar gwajin Bravo na 1954 ta zubo kan mutanen Rongelap da Utrik, amma sai bayan kusan shekara goma ƙulluwar maƙoshi ta fara bayyana, musamman ga waɗanda suke yara lokacin. Don haka duba marasa lafiya sau ɗaya bai wadatar ba, tunda cutar daji kan daɗe kafin ta fito. Wasu na cewa Amurka ta ba da dala miliyan 150 a wata yarjejeniya ta 1986 tsakaninta da tsibiran, kuma kai likita tsibirai masu nisa akwai tsada. Gaskiya ne, sai dai kuɗin bai isa ko biyan diyyar da aka yanke wa waɗanda abin ya shafa ba. Wajibi ne Amurka ta ci gaba da ɗaukar nauyin jinyarsu.