Ba rawar hannu kaɗai ke damun mai cutar Parkinson ba

Akwai wata ɗabi'a ta masu jinya da ke ci min tuwo a ƙwarya. A kai dattijo mai cutar karkarwa, wadda likitoci ke kira Parkinson, asibiti. Likita ya tambayi jiki, kafin marar lafiya ya buɗe baki ɗansa ya amsa masa: "Alhamdu lillahi, hannun Baba ya rage rawa." A karɓi takardar magani a kama hanya. Ba wanda zai ce Baba ya kwana biyar bai zaga ba, ko ya daina fita majalisa, ko Hajiya ta bar masa gado saboda naushin da yake kai mata cikin barci. Wai kunya, ko kuma wai wannan ba hurumin likita ba ne. To hurumin wa?

Tun a 1817 da likitan nan na Landan, James Parkinson, ya yi bayanin cutar, ya ambaci cushewar ciki da rashin barci mai daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu cutar sun haura miliyan 8.5 a 2019, amma har yanzu idanunmu na kan hannu kawai.

Batun bayan gida shi ne aka fi raina wa, kuma shi ne ya fi ɓarna a ɓoye. Cutar tana rage motsin hanji, sau da yawa shekaru kafin karkarwa ta bayyana. Maganin cutar mai suna levodopa kuwa sai ya wuce tumbi ya isa ƙaramin hanji kafin ya shiga jini. Idan ciki ya cushe, magani ya makara ko ya ƙi aiki, jiki ya sandare, iyali su ce maganin jabu ne, ko su ƙara masa ƙwaya da kansu. Alhali abin da ake bukata tun farko shi ne ruwa wadatacce, zogale, alayyafo, gwanda, ɗan tattaki kullum, da maganin sassauta ciki idan likita ya rubuta. Sai ka ga an rage wa tsoho ruwa don kada ya riƙa tashin fitsari da dare ya hana mutane barci. Wannan ba jinya ba ce. Haka nan nama, wake da madara suna iya tare wa levodopa hanya in an haɗa su lokaci guda, don haka a tambayi likita tazarar da ta dace.

Mafi muni shi ne a ruga kemis. Maganin amai metoclopramide, da na kwantar da masu taɓin hankali irin su haloperidol, suna toshe aikin sinadarin dofamin, wanda dama ƙarancinsa ne tushen cutar. Sukan mayar da mai tafiya da ƙafarsa kwance.

Ihu da duka cikin barci ba aljanu ba ne. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi, a wannan cuta kuwa ɗaurin ke kwancewa, mutum ya aikata abin da yake mafarki. Ganin mutanen da babu su ma yana faruwa, wani lokaci daga maganin kansa, kuma likita na iya daidaita shi. A yi addu'a, amma kada a yanke magani farat ɗaya, yin hakan na da haɗari ƙwarai.

Sai shirun da ake fassarawa da miskilanci. Fuska ta daskare, murya ta yi ƙasa, amma yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Da yawansu na fama da ciwon damuwa, wanda ɓangare ne na cutar kuma yana da magani. Ku rubuta abin da kuke gani kafin ranar asibiti, in kuma nauyin ’ya’yansa yake ji, ku fita ku bar shi da likita.

Idan jiri na ɗaukarsa in ya miƙe, a auna jininsa a kwance da kuma a tsaye. Idan yana yawan ƙwarewa da ruwa ko abinci, kada a jira ranar asibitin da aka ba shi, domin abin da ya zarce huhu na jawo ciwon nimoniya.