Sa Ido Kan Rufin Ƙasar Gona Daga Sararin Samaniya

A jihar Maryland ta Amurka, gwamnati kan biya manoma su shuka alkama ko sha'ir bayan girbi, don kada ruwan hunturu ya kwashe ƙasa da ragowar taki zuwa mashigin tekun Chesapeake. Ana bibiyar waɗannan gonaki da hotunan tauraron ɗan Adam: Landsat kan kewayo duk kwana 16, taurarin Sentinel-2 kuwa duk kwana 5. Ɗanyen ganye ya fi tsurar ƙasa mayar da wani haske da ido ba ya gani. Da shi kwamfuta ke auna kaurin tsiro. Sai dai gajimare da dusar ƙanƙara kan toshe hoton, don haka wajibi ne malamin gona ya taka gonar ya tabbatar.