Kwikwiyo Mai Cizo, Da Yadda Za A Raba Shi Da Halin

A ƙauyukan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram da wuya ka shiga unguwar da babu kare. Mafarauci na fita daji da nasa da rani, Bafilatani yana da mai gadin ruga, manomi kuwa ya kan ajiye guda saboda ɓarayin awaki. Wannan ba laifi ba ne. Inda a ke kuskure shi ne wajen renonsa.

Waɗansu suna tsammani sai an yi ta dukan kwikwiyo, an ɗaure shi cikin rana, an bar shi da yunwa, sa'an nan zai yi zafi ya tsare gida. To, maigida, ka duba. Ɓarawo ba kullum ya ke zuwa ba, watakila ma shekara ta wuce bai zo ba. Yaranka kuwa suna tare da karen safe da yamma. Karen da ya tashi da tsoron hannun mutum, ranar da ƙaramin yaro ya miƙa masa hannu, haƙori zai sa masa. Aikin mai gadi haushi ne, don ya tashe ka.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya cika mako 8. A wurinta ya ke fara koyon hankali, gama in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara, wasa ya watse. Kai ma haka za ka yi. Duk sa'ad da ya kama maka hannu ko bakin riga, ka ce "Kai!" da ƙarfi sau ɗaya, ka daina motsa hannun, ka juya masa baya. In ya natsu ka koma ka shafa shi, ka ba shi ɗan abinci. Sai dai dole kowa a gidan ya bi wannan hanya, uwargida da yara duka. In kai ka hana, yara suna zuga shi a bayan ɗaki suna dariya, aikin banza ka ke yi.

Daga wata 3 zuwa wata 6 ya ke famfarar haƙora, bakinsa na ƙaiƙayi. A ba shi tsohuwar igiya mai kauri ya riƙa tauna. A gaya wa yara kada su ja masa wutsiya, kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada kuma su kusanci karya mai shayarwa.

Amma akwai cizon da horo ba ya hana shi, watau na ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo yana kashe mutane kamar 59,000 kowace shekara, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda karnukan da a ke zargi su ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin miyau. Ta kan yi wata 2 ko 3 a jiki ba a ga kome ba, har mikin ya warke a manta. Da zarar mutum ya soma tsoron shan ruwa, magani ya ƙare. Maganinsa tun da wuri ne: a kai kwikwiyo wurin malamin dabbobi a yi masa allurar riga-kafi in ya kai wata 3, a kuma maimaita kowace shekara. A Vom, kusa da Jos, a ke yin irin wannan allura ta karnuka.

In kare ya ciji wani, ko da ɗan kwikwiyon gida ne, ko da ƙarzane ne kawai, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada a tsaya ƙona gashin karen a shafa, ko a sa toka ko barkono, ko a ɗaure wurin tam. Ranar nan a tafi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, a ce kare ne, a karɓi allura, a kuma koma duk ranakun da likita ya sa har a gama.

Shi kuwa karen, in na gida ne, kada a yi gaggawar kashe shi. A killace shi inda yara ba sa zuwa, ana ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana 10. In ya ƙi abinci, ko yana dalala, ko muryarsa ta sake, ko yana cizon itace da ƙasa, ko ya mutu, kada kowa ya taɓa shi da hannu. A aika wa mai unguwa da malamin dabbobi, a kuma sanad da likitan da ke yi wa wanda aka ciza allura.