Kitsen Jini da Ƙandarewar Jijiyar Ƙashin Baya: Ina Gado Ya Shigo?

Duk wanda ya tsaya a gaban mahauci yana sarar gadon bayan rago ya ga yadda ƙasusuwan suke jere kamar tsakiya a zare, da wata kafa a tsakiyarsu inda laka take bi. Haka na mutum yake. A cikin kafar nan, a gaban laka, akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga wuya har ƙugu tana ɗaure ƙasusuwan. Kalmar jijiya a Hausa ta ɗauki kaya da yawa, har da hanyar jini, amma a nan maɗauri nake nufi, irin agara.

To, a jikin waɗansu mutane jijiyar nan takan yi kauri, ta ƙandare, ta zama ƙashi sosai. In ta girma sai ta matse laka. Abin yakan fara da mutuwar yatsu, mutum ya kasa sa maɓallin rigarsa ko riƙe alƙalami, daga nan tafiya ta gagara. Mai wannan larura ƙaramar faɗuwa ma tana iya shanye masa jiki.

Wani likita Bature mai suna Key ne ya fara bayyana ta a Ingila a 1838, amma a Japan aka san ta sosai, tun daga 1960 da likita Tsukimoto ya ba da labarin gawar da ya bincika. An ƙiyasta cewa tsakanin kashi 2 da kashi 4 cikin 100 na Japanawa da suka haura shekara 30 suna da ita, har ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta kafa kwamitin bincike a kanta a 1975. Binciken da Terayama ya yi a 1989 ya nuna cewa fiye da rubu'in iyaye da 'yan'uwan masu ciwon su ma suna ɗauke da shi. Gado ke nan, ba shakka. A 2014 aka gano wurare 6 a cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu alaƙa da ciwon, a 2023 suka kai 14, bayan nazarin Japanawa sama da 22,000.

Ina kitsen jini, watau kolestarol, ya shigo? Likitoci sun daɗe da lura cewa masu ciwon nan galibi masu ƙiba ne ko masu ciwon sukari, kuma a 2023 likitocin Jami'ar Hokkaido suka ƙara da cewa rikicewar kitsen jini ta yawaita a cikinsu. Amma ganin abu biyu tare bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Wataƙila ƙiba ce uwarsu duka biyun, wataƙila kuma rashin motsi da ciwon ya jawo ne ya tara kitsen.

A nan ne wata dabara ta yi amfani, wadda wani masani ɗan ƙasar Holan, Martijn Katan, ya kawo a 1986, kuma a kan kolestarol ɗin ma ya kawo ta. Ƙwayoyin gado tun a ciki ake rabon su, kamar ƙuri'a, kafin mutum ya ci maiƙo ko ya yi teɓa. Saboda haka in aka ware waɗanda suka gaji yawan kitsen jini, aka ga ciwon ya fi kama su, to, ba za a ce ciwon ne ya jawo kitsen ba. Da masu binciken 2023 suka bi wannan hanya, abin da ya fito fili shi ne ƙiba tana cikin musabbaban ciwon, musamman in ya kama tsakiyar baya. Hujjar kolestarol shi kaɗai ba ta kai wannan ƙarfi ba, kuma a ganina gaggawa ce a riƙa faɗinta kamar an gama magana.

Duk da haka zargin yana da tushe. Brown da Goldstein sun sami lambar Nobel a 1985 saboda gano ƙofar da ƙwayoyin jiki suke janye kolestarol daga jini da ita. Wanda ya gaji lalatacciyar ƙofa, kitsen yakan taru masa har a agara. Ƙofar nan kuwa tana da dangi biyu, LRP5 da LRP6, waɗanda suke karɓar umarnin gina ƙashi, kuma RSPO2, ɗaya daga ƙwayoyin gadon da aka kama a ciwon jijiyar, a kan wannan hanya take aiki. A 2007 an sami wani iyali a Iran da illa guda a LRP6 ta haɗa musu yawan kolestarol da ciwon zuciya da raunin ƙashi. Bugu da ƙari, hanyar jinin da kitse ya daskare a cikinta ita ma takan yi tauri, wani lokaci har da ƙashi na gaske a bangonta.

Kada wani ya fita daga ɗakin nan ya sayi maganin rage kolestarol da niyyar kare ƙashin bayansa. Maganin yana da amfaninsa ga zuciya, amma babu gwajin da ya tabbatar yana narkar da jijiyar da ta riga ta zama ƙashi. In ta matse laka ƙwarai, aikin tiyata ake yi a buɗe wa lakar hanya, kuma sakamakon ya fi kyau in an yi shi kafin ƙafafu su mutu.