Gayya da Kudan Zuma: Darasi a Kan Aikin Haɗin Gwiwa

Damina gajeriya ce a ƙasar Gobir. Manomin Isa ko Sabon Birni da ya makara da noman fari, ciyawa ce za ta cinye masa gero. Don haka magabata suka tanadi gayya: yau a gonar wane, gobe a ta wane, gwargwadon inda aiki ya fi matsawa.

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa kudan zuma ma na da irin wannan tsari. Idan amya ta cika, wani rukuni kan tashi neman sabon mazauni. 'Yan bincike su bazu, kowace ta komo ta yi rawar da ke nuna shiyya da nisan wurin da ta gano. Karl von Frisch, wanda ya fassara wannan rawa, ya sami lambar Nobel a 1973. Daga baya Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya nuna cewa wuri mai kyau ya fi samun doguwar rawa, sauran kuma su je su duba da idonsu har a daidaita. Sarauniya ba ta yanke hukunci.

A 2001 wasu masana manhajar kwamfuta su 17 suka taru a Amurka, suka fitar da ƙa'idoji masu kama da haka: ƙungiya ta tsara aikinta da kanta, ta riƙa waiwayensa a kai a kai, ta gyara.

Malami zai iya gwada wannan a ɗakin gwaje-gwaje: ya raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kowa ya kawo hujjarsa, sannan a auna.