Amsar Wasiƙunku: Ga Hoto a Faifai, Ina Muryar?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya ce an ɗauki walimar saukar karatun ɗansa da wayar hannu, sai ya kai wa mai shagon kwamfuta ya juye masa a faifan DVD domin ya aika wa 'yan'uwa a ƙauye. A shagon an kunna a kwamfuta, hoto da murya duk lafiya lau. Da aka je gida aka sa a na'urar DVD, sai ga mutane suna motsa baki, amma shiru kake ji. Abin da ya fi damunsa shi ne, a ciki akwai addu'ar da mahaifinsa ya yi wa yaron, ga shi tsohon ya riga mu gidan gaskiya. Tambayarsa ita ce: shin muryar ta salwanta ke nan?

To Malam, Allah Ya jiƙan tsoho, Ya yi masa rahama. Ka kwantar da hankalinka. Tunda dai kun ji muryar a kwamfuta, tana nan daram a cikin faifan. Na'urarka ce ba ta jin yaren da aka ajiye ta da shi.

Ga yadda abin yake. Duk bidiyon da ka gani kaya biyu ne a buhu ɗaya, wato hoto daban, sauti daban, kuma kowanne da irin ƙullinsa. Yawancin wayoyin yanzu suna ƙulla sauti da wani tsari mai suna AAC, a cikin buhun da ake kira MP4. Tsofaffin wayoyi kuwa, masu ɗaukar 3GP, sukan yi amfani da AMR. Ita kwamfuta tamkar tsohon dillali ce a Kasuwar Kurmi, wanda in ka zo da Fulatanci ya ji, in ka zo da Barbarci ya amsa. Na'urar DVD kuwa 'yan yarukan da aka koya mata tun daga masana'anta kaɗai ta sani. Lokacin da DVD ya fito a 1996, manyan nau'o'in sautin da aka amince da su su ne Dolby Digital, wanda ake kira AC-3, da PCM, sai kuma MP2 a ƙasashen da talabijin ɗinsu ke bin tsarin PAL, irin Nijeriya. Babu AAC a ciki. Shi ya sa wata na'urar za ta buɗe hoton ta kasa muryar, wata ma ko hoton ba za ta nuna ba.

Daga nan sai mu zo kan aikin mai shago. Hanya biyu ake sa bidiyo a faifai. Ta farko, a kwashe shi yadda ya fito daga waya a zuba, kamar ka juye gero daga wannan buhu zuwa wancan. Tana da sauri, amma ita ce ke jawo irin abin da ya same ka. Ta biyu, a fara sauya hoton da sautin zuwa tsarin DVD kafin a buga faifan. Wannan takan ɗauki lokaci, shi ya sa mai gaggawa yake gudunta. In kana son ka gane wadda aka yi maka, ka ce a buɗe faifan a kwamfuta. In ka ga jaka mai suna VIDEO_TS, da fayiloli masu ƙarewa da VOB, to an yi aikin gaskiya. In kuwa MP4 ka gani tsurarsa, juyewa kawai aka yi.

Akwai kuma batun awo. Sautin DVD ana auna shi sau 48,000 a daƙiƙa ɗaya, alhali na VCD, wanda ya riga shi fitowa a 1993, sau 44,100 ne. In aka sa mudun wannan a wurin wancan, sai na'ura ta yi shiru, ko murya ta canza. Kazalika tsarin PAL hotuna 25 yake nunawa a daƙiƙa, ita kuwa waya takan ƙara ta rage gwargwadon haske. In ba a daidaita ba, sai ka ga baki ya motsa, maganar ta biyo baya.

Amma fa kafin ka ɗora wa mai shago laifi, ka duba gida tukuna. Wayoyi uku ne ke haɗa na'ura da talabijin: rawaya ta hoto ce, ja da fara na sauti. Ka tabbata kowacce tana raminta. Sannan ka sa faifan fim ɗin Hausa da ka san yana aiki. In ya yi magana, na'urarka lafiyarta ƙalau, faifan ne da matsala.

Abin yi yanzu, ka koma shagon da wayar. In ma ka riga ka goge, ba komai, ana iya kwaso bidiyon daga faifan nan a mayar kwamfuta. Ka ce a sauya shi zuwa DVD na tsarin PAL, sauti AC-3 ko MP2, a buga sabon faifai. Kada ka biya sai an gwada a na'urar DVD a gabanka, ba a kwamfuta ba, kuma a duba farko da tsakiya da ƙarshe. Masu sa filash a jikin na'ura, ku ma haka abin yake: in tsohuwar na'ura ce mai tambarin DivX, ku ce a sauya muku zuwa AVI mai sautin MP3.

Shawarata ta ƙarshe, kada kowa ya goge bidiyo daga waya don kawai an sa masa a faifai. Faifai yakan karce, zafin rana yakan lanƙwasa shi. Ka ajiye na asali a memori, ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye. Ana iya sake buga faifai sau goma, amma addu'ar tsoho ba za a sake ɗauka ba.

Allah Ya sa wa karatun yaro albarka. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.