Hawan Jinin Dare ga Mai Juna Biyu da ke Ɗauke da Ƙwayar HIV

'Yar'uwa mai juna biyu, idan kin zo awon ciki aka gwada jininki aka ce daidai yake, madalla. Sai dai ki sani, wannan awo na rana ne. Akwai hawan jinin da ba ya bayyana sai mutum ya yi barci, kuma binciken likitoci ya nuna an fi samunsa ga masu ɗauke da ƙwayar HIV, wadda ke haddasa cutar ƙanjamau.

Mene ne hawan jinin dare?

Idan mai lafiya ya yi barci, bugun zuciyarsa yakan ragu, jijiyoyin jini su saki, ƙarfin jinin ya sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Wannan shi ne hutun zuciya da ƙoda. Ga wasu kuwa jinin ba ya sauka, wani lokaci ma hawa yake yi. Da rana, sai awo ya kai 140/90 ake kiransa hawan jini, amma cikin barci 120/70 ya isa. Sau da yawa ba ya nuna wata alama.

Me ya haɗa shi da HIV?

Ƙwayar tana sa jijiyoyin jini su yi tauri, ko da magani ya danne ta, kuma tana iya taɓa ƙoda. Maganin TLD da ake bayarwa yana ɗauke da dolutegravir, wanda kan sa wasu ƙiba, ita kuma ƙiba tana jawo minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci. Ga kuma damuwa da rashin barci na wadda ke ɓoye ciwonta.

Kada wannan ya sa ki daina shan maganinki ko da na kwana ɗaya. In babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari kan kamu da ƙwayar daga uwa. Da magani kuwa, adadin yakan koma ƙasa da 5.

Haɗarinsa ga ciki

Daga mako na 20, wato wajen wata biyar, hawan jini na iya rikiɗewa ya kai ga jijjiga. Yana iya hana jariri girma, ko ya sa mabiyiya ta rabu kafin haihuwa, jini ya ɓalle. Haɗarin bai ƙare da haihuwa ba, yana nan har mako shida bayanta.

Ki garzaya asibiti idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:
1. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani.
2. Gani dishi-dishi ko walƙiya a ido.
3. Kumburin fuska da hannuwa.
4. Ciwo a saman ciki, musamman ta dama.
5. Sarƙewar numfashi idan kin kwanta.
6. Raguwar motsin jariri.

Abin da za ki yi

Ki fara awo da wuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas. Kowane zuwa a gwada jini da fitsari, kuma ki faɗa wa ungozoma dukkan magungunan da kike sha. Sirrinki amana ne a wurinta.

Akwai na'urar da ake ɗaurawa a hannu awa 24 tana auna jini har cikin barci, amma ba kowane asibiti ke da ita ba. Idan akwai na'urar awo a gida ko a ƙaramin asibitin garinku, a gwada ki da dare kafin ki kwanta da kuma safe, a rubuta, ki zo da takardar.

Ki rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Gishirin yini ɗaya kada ya kai ƙaramin cokali guda, wato giram 5. Bayan haihuwa ma ki guji kunun kanwa, domin yana tara ruwa a jiki ya wahalar da zuciya.

Kada ki sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis, suna ɗaga jini. Maganin hawan jinin wani ba naki ba ne. Irin su lisinopril suna cutar da jariri. Likita zai ba ki wanda ya dace, kamar methyldopa ko nifedipine.

Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam suna hana TLD shiga jiki sosai in an haɗa su babu abinci a ciki. Ki sha su tare da abinci, ko ki sha TLD, bayan awa biyu ki sha su.

Zuwa ga maigida da iyaye

Ga mutanen Kagara da ƙauyukan Goronyo, Wurno da Rabah, fita da dare ba abu ne mai sauƙi ba, ga nisa ga matsalar tsaro. Don haka a yi shiri tun da rana: a ajiye kuɗin mota, a yi magana da direba, a san asibitin da ke aiki da dare. In an ga alama da la'asar, kada a ce sai gobe. Matar da jininta ya hau, gara ta koma kusa da asibiti idan watan haihuwa ya kama. In an tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ku tafi a ranar.

Idan jijjiga ta kama ta, a kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a sa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo, kada a yi mata hayaƙi. Jijjiga ba aikin iskoki ba ce, ciwo ne mai magani. A asibiti akwai allurar magnesium sulphate da ke tsayar da ita.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya sauke ki lafiya.